Shari'ar Bayahuden da Muka Yi a Ɗaki

Shekarar da aka kafa dokar hana yawo a Alkahira, mu uku ne a wani ɗaki a unguwar Ard al-Liwa: ni, da wani Basakkwace mai karatun fiƙihu, da wani mutumin Damagaram wanda gardama ce abincinsa. Zaman ya ishe mu, sai na ciro wani tsohon littafin labari na Larabci da na tsinta a kasuwar Ataba, ko bango ba shi da shi, na riƙa karanta mana bayan magariba.

Labarin wani Bayahude ne mai haɗa magani a wani garin Turawa na zamanin da. Annoba ta faɗo, mutanen gari suka ce shi ya zuba guba a rijiya. Tun a shafin farko mutumin Damagaram ya yanke hukunci.

"Shi ne mana. Bayahude ne fa!"

Ana cikin jan mutumin zuwa gaban alƙali, littafin ya ƙare. Ashe an yage ƙarshensa. Sai muka ce mu ƙarasa shari'ar da kanmu. Basakkwacen ya naɗa tawul a ka, ya hau kan buhun shinkafa, ya zama alƙali. Ni na zama wanda ake tuhuma, mutumin Damagaram kuma mai ƙara.

"Malam, ina shaidunka?" in ji alƙali.

"Allah gafarta Malam, duk gari sun faɗa."

"Wa ya gani da idonsa?"

"Ai an san halinsu."

"Halin su wa? Mutum ɗaya ne a gabana. Kuma 'yarsa ma a rijiyar take ɗiban ruwa, mun karanta jiya."

Mai ƙara ya yi ta kame-kame har shayi ya huce. Alƙali ya wanke ni, ya ɗaure shi da wankin tukwane na mako guda saboda ƙazafi. Ya ce zai ɗaukaka ƙara, aka ce masa khalas, an gama, kotu ta tashi.

Ranar Juma'a sai ga shi ya dawo daga Ataba wujiga-wujiga, ya zagaye masu tsofaffin littattafai yana neman cikakken kwafi, bai samu ba. Na tambaye shi ko hujja yake nema.

"Wace hujja? So nake in ji ko sun sake shi. Mutanen garin nan ba su da alƙali irin namu."