Kilabiyen Tanti Rabi

Jama'a, yau Tanti Rabi ta gane kilabiyenta da kunne!

Da safe na sayi tsohon kilabiyen ordinato, wato allon buga rubutun kwamfuta, wurin 'yan gwanjo, irin mai ƙara ƙwas-ƙwas. Na dawo gida Talladje, na jona, ina bugawa. Sai ga Tanti, yayar babana, tsohuwar sakatariya, ta leƙo.

Ta ce, "Juya shi, ɗana."

Na juya. Ɗigon jan farce uku a bayansa.

Ta ce, "Ni na ɗiga su. Rana ɗaya biro, ofishinmu, ya sallame mu, ni da shi."

Na ce ta gwada. Ta ɗora yatsunta da ciwo ya lanƙwashe, ta kasa dannawa.

Ta ce, "Shi ko harafi ɗaya bai mutu ba. Ci gaba da bugawa, ina saurare."