Murhu Mai Matakin Ƙafa

Yayana mai walda ne a bakin kasuwar Ƙanƙara, ni kuma ina suyar ƙosai a gefen shagonsa, don haka abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. Ƙofofi da tagogi ne sana'arsa, har zuwa shekarun da itacen girki ya zama abin tsoro. Na kusa da gari an sare shi kaf, na nesa kuwa yana cikin dajin da 'yan bindiga suka mamaye. Sai Yaya ya yanka tsohuwar ganga, ya ƙera murhun ƙarfe mai tara wuta wuri ɗaya, mai cin itace kaɗan. Na ɗora masa kaskon ƙosaina, ya yi daidai. Muka yi ta yabon kanmu, ni har da guɗa.

Ranar kasuwa magidanta suka yi ta saye suna ɗaurewa a bayan babur. Ba a jima ba murhun ya fara dawowa. In Yaya ya tambayi dalili, amsar ɗaya ce: “Ta ce ba ta so.” To, namijin da bai san inda ake ajiye muciya a gidansa ba, me zai iya bayyanawa? Yaya ya yi fushi, ya tara su a bayan shago, ya ce mata ba su san abin kirki ba. Ni ma, kunyar faɗa, na taya shi.

Wata ranar kasuwa sai ga ɗan acaɓa ya sauke wata tsohuwa daga wajen Damari, can ƙasar Sabuwa. 'Yar siririya ce, daga gidajen nan da matansu ke noma da cin kasuwa da kansu. Ta rungumo murhun, ga tukunya, ga muciya, ga ƙullin garin dawa. Yaya ya ɗauka ita ma mayarwa ta zo yi.

“Inna, ajiye shi can wurin 'yan'uwansa.”

“Ba maido shi na zo yi ba, ɗana,” in ji ta. “Wanga murhu shina cin itace kaɗan, gaskiya ka faɗi. Matar ɗana ita ke zuwa mana itace, ga ta da ciki. Rannan mutanen daji sun biyo su, da ƙyar ta sha. Ina son murhun nan fiye da kai. Amma ka taɓa tuƙa tuwo?”

Ta sa ni na hura wuta a cikinsa, ta yi talge, ta zuba gari, sannan ta miƙa wa Yaya muciya a tsakiyar kasuwa. Mutane suka taru, ni kuwa dariya har da riƙe ciki. Tuwon na fara kauri, ya danna muciya, sai tukunya ta zame, murhun ya karkata, Yaya ya yi tsalle baya yana salati. Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙosai ajiye shi ake yi a mai, tuwo kuwa kokawa ake yi da shi. Ta nuna da yatsan ƙafarta inda take son ƙarfen da mace za ta taka ta danne murhun, ta ɗauki gawayi ta zana masa da'ira inda gindin tukunya zai nutse.

Yaya ya duƙa yana kallon zanen. Can ya ce, “Inna, sai mi kuma?”

Daga wannan tambayar komai ya canza. Ya gyara waɗanda aka mayar, ya daina sayarwa, ya koma ba da aro. Sharaɗinsa ɗaya: mace ta yi girki da shi, duk inda ya ɓata mata rai ta shafa gawayi a wurin, a dawo da shi. Gidajen da ba zai iya shiga ba, ni nake shiga, in zauna a madafa in ji da kunnena.

Har yau in na tuna abin da na gani, mamaki nake yi. Wata mai jego a nan Ƙanƙara ta baƙanta gefen murhun duka, don ɗanta mai rarrafe ya ƙone a hannu. Ba mu san yadda za mu yi ba, sai ga wani murhun ya dawo daga wani ƙauyen Sabuwa, mai shi maginiyar tukwane ce, ta shafe cikinsa da yumɓu ba tare da ta tambayi kowa ba. Gefen ya daina ƙuna, zafin kuma ya daɗe a ciki. Waɗannan mata biyu ba su taɓa ganin juna ba, amma ɗaya ta amsa wa ɗaya. Na tsaya a kan murhun nan ina ta faɗin ikon Allah.

Babbar magana daga Faskari ta zo. Wata Hajiya mai tuwon sayarwa ta aiko mijinta da buhun totuwar masara da damin kara, ta ce a gaya wa mai walda wa ya ce masa dole sai da itace? Yaya ya faɗaɗa bakin murhun don kara ya shiga, ya sa raga a ƙasa don toka ta zube kada ta shaƙe totuwa. Abin da ake bari a gona yana ruɓewa, shi ya koma dafa tuwon gida guda. Yaya da kansa ya daina cewa murhuna. In mai saye ya tambayi wanda ya ƙirƙiro shi, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai nasa walda.

Bayan kaka tsohuwar Damari ta dawo. Wannan karon ba ita kaɗai ba, tana tare da wata yarinyar mace mai goyo, tana ta sunkuyar da kai. Ban tambaya ba, na gane matar ɗan nata ce. Na karɓi jaririn na riƙe, idona ya ciko.

Tsohuwar ta kwance bakin zanenta ta fito da kan gatari, ba ƙota, bakinsa ya cinye saboda wasawa. Ta ce matakin murhunsu ya lanƙwashe don yawan takawa, tana son ƙarfe mai ƙwari a wurin.

“Inna, ai wannan gatari ne mai kyau,” in ji Yaya. “Da mi za ta sari itace?”

Yarinyar ce ta amsa, a hankali, ba ta ɗago kai ba.

“Ba ni komawa daji, Malam. Liƙa shi.”