Lambobin masu ba da jini sun koma sifili

Ya jama'a, kwamfuta ta kashe ni yau!

An kawo Yaya Hawwa mustashfa, wato asibiti, daga garin Shuwak, ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Diktor ya ce, "A nemo mai jinin O negatif yanzu!" Na ruga gida, na buɗe teburin cikin kwamfuta da na shigar da lambobin wayar masu ba da jini na unguwarmu. Inna lillahi! Kowace lamba ta koma 2.49E+11! Na faɗaɗa gurbin, sai sifili zalla a ƙarshe. Manhajar ce ta sauya su da kanta!

Mijinta ya bugo yana kuka: "Ƙanina, ka samu?" Na komo mustashfa da gudu.

Don Allah, mai irin jinin nan ya taho mustashfa. Ina bakin ƙofa.