Saƙon da Na Riƙe Wata Uku

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har da sunayen maƙwabtan da muka yi shekaru muna aron turmi a tsakaninmu. Amma jinyar yayana a wani asibiti a Kaduna ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Lokacin Turawa suna nan, saura 'yan shekaru a ba ƙasar nan mulkin kai. Ina aure a Doka, cikin Kaduna, mijina tela ne a kasuwa. Yayana shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, ni ce auta. Akawu ne a ofishin gwamnati, mai keke da agogon hannu, shi muke tinƙaho da shi a dangi. Tari ya kama shi da bazara, muka ce zafi ne, har ranar da ya tofar da jini. Likita ya ce tarin fuka ne, aka ba shi gado. Matarsa tana Zariya wankan jego, aka kuma hana ta kusantarsa saboda jaririn. Mahaifinmu ya rasu, yayyena mata suna aure nesa. Jinya ta faɗo kaina.

Yaran yanzu ba za su gane yadda kunyar ɗan fari take a lokacin ba. Innarmu ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, daga can ya wuce makarantar boko. In ya je gaishe ta a Katabu, daga bakin ƙofa yake tsugunawa, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wajen. In za ta yi maganarsa sai ta ce "yayanki", shi kuma ya ce "tsohuwarki". Ni kuwa auta, har na yi aure a cinyarta nake kwanciya.

Sati biyu da kwantar da shi sai ga Inna a motar itace da ƙullin kayanta, wai ni ta zo gani. Mijina ya kwashi tabarmarsa ya koma kwana a shago saboda kunyar suruka. Washegari kafin in gama sallar asuba ta dama kunun tsamiya, ta zuba a kwano ta rufe. Muka taka tare har asibiti. Muna shiga ƙofa ta tsaya a gindin wani mangwaro inda masu jinya ke hura wuta, ta shimfiɗa tabarma.

"Shiga da shi," in ji ta. "Kuma kar in ji kin ce ni na dama. Kar ma ki ce ina garin nan."

Na ce to. Ni mace ce mai riƙe magana, a lokacin har alfahari nake yi da halin.

Ɗakin da yake dogo ne, gadaje jere gefe biyu, kowane majinyaci da kofinsa mai murfi na tofar da majina. Kullum da hantsi ana yi masa allura, har aka rasa inda za a soka. Ina kai abinci da safe, in kwaso kayansa in wanke, in dawo da la'asar lokacin da ake barin 'yan dubiya. A watan farko abokan aikinsa sun riƙa zuwa rututu da lemo da madarar gwangwani. A na biyu suka ragu, don kowa na tsoron ɗauka. Ban ga laifinsu ba, ni ma da gefen mayafi nake toshe hanci in ya fara tari.

Duk lokacin da na fito Inna za ta karɓi kwanon, ta buɗe ta ga yawan abin da ya rage, sannan ta dube ni.

"Ya mutanen ciki?"

"Da sauƙi, Inna."

Sai ta ci gaba da kallona kamar akwai sauran magana. In na yi shiru ta mayar da murfin, ta ɗauki carbinta. Damina ta sauka, ba ta fasa zuwa ba ko rana ɗaya. In ruwa ya tsuge ta raɓe a jikin bangon ɗakin wanki, in ya ɗauke ta koma wurinta.

Shi kuma Yaya, wata rana ina goge masa baya ya ce, "Auta, tsohuwarki kuwa ta ji labari?"

"Ta ji, Yaya. Tana yi maka addu'a."

"To, madalla. Katabu dai ba Makka ba ce."

Ya juya ya fuskanci bango. Ya san al'ada sarai, a cikinta ya tashi. Amma wanda ya yi wata biyu a kwance yana ganin ana fita da maƙwabtan gadonsa a lulluɓe, zuciyarsa ba ta tsayawa a kan al'ada. Ya ga iyayen wasu suna shigowa suna shafa kan 'ya'yansu. Ya sake tambayata sau biyu ko uku, ina ba shi amsa iri ɗaya, daga baya ya daina. Tsakanin gadonsa da inda Inna take zaune ba zai fi taku ɗari ba. Ni ce nake yin takun nan kullum sau huɗu, bakina gum, ina ganin bin na gaba bin Allah ne.

A wata na uku ya yanke cin abinci. Ludayi biyu zai sha ya ture kwanon. Akwai wani dattijon Banufe, malamin asibiti, shi ke yi masa allura. Ya tare ni a ƙofar ɗakin.

"Yarinya, allura ba ta aiki a jikin da babu abinci. Mutumin nan akwai abin da ke cin sa ban da tari. Ba shi da uwa ne?"

Na ce yana da ita.

"Tana ina?"

Na nuna masa gindin mangwaro, na kuma yi masa bayani, har ina roƙonsa ya rufa mini asiri. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Wata nawa?"

"Ya kusa uku."

Ya girgiza kai ya wuce. Da ma akan fito da masu tari baranda su sha iska. Washegari muna shigowa na hango an turo gadon Yaya baranda, an jingina shi da matashi, fuskarsa tana kallon ƙofar asibiti. Ya ga shigowarmu, ya ga Inna ta miƙa mini kwano ta shimfiɗa tabarma. Ina isa wurinsa ya tare ni da tambaya.

"Tun yaushe take zuwa?"

Na faɗa masa. Ya zuba wa Inna ido. Can ya ce, "Miƙo mini kunun." Ya sha a hankali, yana tari yana hutawa, har ya ga ƙasan kwanon. Sannan ya ce, "Ni ma na yi mamaki, yaushe Auta ta iya kunu haka." Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Inna ta gan shi ita ma. Abin da ta yi kawai, ta juya tabarmarta ta ba barandar baya, amma ba ta matsa daga wurin ba. Haka suka riƙa wuni, shi yana kallon bayanta, ita tana jan carbi. Ko kalma ɗaya ba ta shiga tsakaninsu ba. Ya koma cin abinci, har yana aike na in ce a dama na gyaɗa, sai dai ciwon ya riga ya cinye huhun. Kwana tara da fito da shi baranda, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Ba na cewa da na yi magana da wuri da ya rayu. Likita ma ya ce an makara tun kafin a kawo shi, kuma ajali ba ya jira.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ba a yi wa ɗan fari. Bayan sadakar bakwai tana ɗaure kayanta za ta koma Katabu, mu biyu a ɗaki, sai ta ce, "Kafin a fito da shi waje, da ma ya san ina zuwa ko?"

Na ɗauka tuhumata take yi, na yi saurin wanke kaina. "Wallahi Inna ban taɓa faɗa masa ba. Yadda kika ce haka na yi."

Hannunta ya tsaya a kan ƙullin. "Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ta zauna a bakin gado. "Ni ce mai jin kunyarsa. Ke kunyar wa kike ji? Ni bakina a ɗaure yake, shi ya sa na ba ki kwanon. Kullum kika fito sai in dubi fuskarki, in ce yau kam ta faɗa masa." Sannan ta ce, "Ashe wata uku yaron nan yana kwance yana ganin na yar da shi."

Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har ta rasu. Da na ba wata goggona labari daga baya, salati ta yi, ta ce ai kowa ya san mai kunya dole ne ya ce kar a faɗa, ɗan aike kuma shi ya san ya faɗa, a haka kunya take zaman lafiya da ƙauna. Ni kaɗai ce ban sani ba.

Abin da jinyar nan ta koya mini ke nan. Jinya ba wanki da kai abinci ba ce kawai, mai jinya shi ne bakin waɗanda ba za su iya yi wa juna magana ba. Tun daga lokacin, in wani ya damƙa mini alheri ya ce kar in ce daga gare shi ne, in dai mara lafiya zan kai wa, nakan ce to, in je in faɗa tun ban ajiye kwanon ba.