Zauren da Na Yi wa Katsina a Kwamfuta

A shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, makarantun koyon kwamfuta suka yi ta buɗewa a Katsina, ni ma na shiga wata kusa da Ƙofar Kwaya. Babana yana da shagon yadi a kasuwa, kuma ya gaya mini ƙarara cewa in ban fito da takardar shaida ba, shago zan zauna. Ni kuwa a lokacin, ko sallama aka yi a gidanmu ɗaki nake shigewa da littafina. In na tuna zan wuni ina ciniki da mata masu taya atamfa, sai in ƙara dagewa da karatun kwamfuta.

Aikin ƙarshe da malaminmu ya ba mu shi ne kowa ya tsara shafin intanet da zai jawo baƙi su zo ganin garinsu. Na fara zana nawa a kan farin kwali da rula. Sunan gari a sama, hasumiyar Gobarau a tsakiya, ganuwa da ƙofofi a hagu, fura da kilishi a dama. Na goge na sake har kwalin ya kusa hujewa.

Ina cikin haka a tsakar gida kakata ta tsaya a kaina.

"Kai, malalacin miji, mi kake zanawa? Gidan da za ka gina mini ne?"

Na yi mata bayani a hankali, cewa mutum yana can wata ƙasa zai danna ya ga Katsina.

"Da ya danna sai ya ga hasumiya?"

"I, Hajiya."

"Ba sallama, ba sannu da zuwa? Baƙo ya taso tun daga uwa duniya, ka jefa shi tsakar gida kamar kaza? Ina zauren?"

Na ce shafin intanet ba ya da zaure. Ta ce to ba na Katsina ba ne, kuma in na kai shi haka a ce jikan wa? Ban iya musu ba, balle da ita. Na ɗauko sabon kwali.

Da farko na yi niyyar sa "Barka da zuwa" kawai. Amma ni in na kama abu ba na yin rabi. Na zauna kusa da ita tana gaisawa da maƙwabta, ina lura da abin da ke bin wani. Shafin farko ya zama sallama. In ka danna "Amin, alaikumus salam", sai na biyu ya tambaye ka hanya. Na gaba gajiya, sannan iyali, sannan mutanen da ka baro, sannan aiki. Ba ka wucewa sai ka danna "Lafiya lau". Hajiya ta ƙara da cewa ba a nuna wa baƙo gari da ƙishi, don haka na ɗauki hoton kwanon shanta cike da ruwa na sa a ƙarshe. Hasumiya tana can bayan duk wannan.

Ranar gwaji malaminmu ya gayyato wani Alhaji, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya yi alƙalanci. Kowa da ɗan lokacinsa, malam yana riƙe da agogo. 'Yan ajinmu suka nuna nasu, rubutu yana walƙiya, hotuna suna juyi. Aka kira ni, na sa faifaina a tsohuwar kwamfutar nan da sai ta yi nishi kafin ta buɗe kowane shafi.

Sallama ta fito. Alhaji ya gyara zama, ya amsa da baki, da ƙarfi, sannan ya danna. Shafi ya tambaye shi hanya.

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Mun same ku lafiya?"

Ya tsaya yana jira. Kwamfuta ba ta ce komai ba. Ya juyo ya dube ni.

"Yaro, ba kai ne mai gidan ba?"

Da wata murya da ban san ina da ita ba na ce, "Lafiya ƙalau, Alhaji."

Haka muka yi ta yi. Shafi ya tambaye shi iyali, ya amsa, ya tambayi nawa, na amsa. Da ya ji ɗan wane ne ni sai ya tambayi babana da kasuwa da ciwon ƙafar Hajiya. 'Yan aji suna ta dariya a cikin hannun riga. Muna kan mutanen da ya baro malam ya ɗaga agogo.

"Ranka ya daɗe, lokacinsa ya ƙare, kuma ba mu ga ko bango ɗaya na Katsina ba."

Har na fara jin ƙanshin sabuwar atamfa.

Alhaji ya ce, "Haba Malam, ina zaure za ka kore ni? Duk waɗancan ba wanda ya ce mini sannu."

Ya ci gaba da dannawa. Da kwanon ruwa ya fito ya yi dariya har hularsa ta goce, ya ce a kawo masa na gaske, gaisuwa ta busar masa da maƙogwaro. Yana sha hasumiya ta bayyana, ya dube ta sama-sama ya ce ai kullum yana wuce ta. Malam ya ja ni gefe ya ce ba Baturen da zai jure wannan, amma ya sa hannu a takardata.

Na koma gida da murna na tsira daga shago. Ashe Alhaji ya biya ta kasuwa ya ba babana labari. Da muka zauna cin abinci baba ya duba takardar, ya sa mini albarka, sannan ya ce, "An ce ka tsaya gaban mutane ka gaisa da Alhaji tiryan-tiryan. Ashe bakin yana nan. Ranar Asabar ka zo ka kama mini shago."

Hajiya ta ce in ta zo a yanka mata atamfa mai kyau, ladan zaure.