Ƙwarangwal ɗin da Kaka ta kankare

Kakata, mahaifiyar babanmu, ba ta barin hoton mai rai ya kwana a gidanmu na Zongon Lome. Ta ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da yake da hoto. Kifin gwangwanin sadin, jaririn gwangwanin madara, kowa sai ya sha wuƙarta. Hoton shugaban ƙasa da ke zaure kaɗai ya tsira, don a zamanin jam'iyya ɗaya ko Kaka ta san inda wuƙa take tsayawa. Mu jikoki dariya muke yi mata, ita kuwa ko a jikinta.

Wata shekara kuɗin cizo ya addabe mu, Baba ya sayo maganin ƙwari a kasuwar Asigame, cikin gwangwani irin na kananzir. Ya tara mu ya nuna mana takardar jikinsa: jan layi, ƙoƙon kan mutum, ƙasusuwa biyu a gicciye. Ya ce duk inda muka ga wannan, mutuwa ce a ciki. Kaka tana gidan suna ranar. Da ta dawo ta ga ƙwarangwal a ƙarƙashin gado, ta yi a'uziyya, ta kankare takardar tas, har da rubutun.

Ana nan ƙanwar Baba ta zo mana baƙunta daga Nijar. Ta zauna yi wa ƙanwata kitso, yarinyar ba ta fi shekara shida ba, sai ta ga ƙwarƙwata. A garinsu kananzir ake shafawa. Ta laluba ɗaki, ta sami gwangwani, ta sansana, warin kusan ɗaya ne. Ta mulke kan yarinyar ta ɗaure da ɗankwali.

Kafin la'asar ƙanwata tana gumi kamar an watsa mata ruwa, yawu na dalala, jiki na karkarwa. Har yau ina tuna idanunta. Baba ya saɓe ta zuwa asibiti, ni na bi shi da gwangwanin, don ni nake jin Faransanci. Likita ya juya gwangwanin gaba da baya, ya tambayi inda takardar take. Ya ce sunan gubar yana jikin takardar, da abin da ake karya ta da shi, yanzu kuwa sai dai ya yi canke. Na fassara wa Baba. Sai ya zauna a ƙasa.

Ta rayu, amma ƙafarta ta hagu ba ta koma daidai ba, har yanzu tana jan ta. Na daɗe ina jin haushin Kaka, ko gaisuwa da ƙyar nake yi mata. Ba wanda ya faɗa mata magana, ita ma ba ta kare kanta ba.

Ranar da aka sallamo yarinyar na tarar da Kaka a tsakar gida, gwangwanin a cinyarta, gawayi a hannu. Matar da ba ta taɓa zana ko kaza ba tana zana ƙoƙon kai. Ya fito a karkace kamar fasasshiyar ƙwarya. Na ce mata mala'iku fa?

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya san dalili. Zo ki duba min, 'yar nan, haka ƙasusuwan suke?"