Muryar da Aka Yanka Aka Ɗinke

Kakata ta wajen uwa ta baro Fadan Kagoma ta dawo gidanmu a Kafanchan bayan rasuwar mijinta. Kowace yamma, da an gama cin tuwo, sai ta hura wuta a bayan kicin, ta jera masara a kan garwashi, mu kewaye ta. Hausarta ba ruwanta da bambanta mace da namiji, amma in ta fara tatsuniya ko tari ba a yi.

Babana malamin kimiyya ne a sakandare, kuma tun asali jininsu bai haɗu da Kaka ba. Ina aji shida a firamare ya sayo na'urar sidi mai kunna faifan waƙa a wani shago kusa da tashar jirgi, ya haɗa ta da manyan lasifika biyu a falo. Ya zaunar da mu kamar a aji. Ya ce babu waƙa a faifan, lambobi ne zalla. An auna hawa da saukar murya fiye da sau dubu arba'in a sakan ɗaya, an rubuta. Wani ɗan abu a cikin na'urar, bai fi farce girma ba, shi ke mayar da kowace lamba ƙarfin lantarki, hawa-hawa kamar matakala. Sai a goge matakalar ta yi sumul, a ƙara mata ƙarfi, lasifika ta girgiza iska.

Ni ce na kai wa Kaka wannan bayani, ina taƙama.

“Wato sun yanka muryar mutum kamar naman kasuwa, sun ɗinke,” in ji ta, “ku kuma kuna rawa.”

Muka ƙaurace mata. Mako biyu tana hura wuta ita kaɗai. Ranar da aka ɗauke lantarki muka lallaɓa muka koma. Ba ta ba kowa masara ba. Ta ɗaga murya yadda Baba, da ke duba takardun jarrabawa a baranda, zai ji.

Wai akwai wata mata mai waƙa a bakin dutsen niƙa, duk gari wurinta ake taruwa. Sai wani mai wayo ya laɓe yana ƙirga muryarta da tsakuwa: in ta hau ya tara da yawa, in ta sauka ya rage. Ya zuba tsakuwar a gora, gorar ta riƙa yin waƙar. Mutane suka daina zuwa wurin matar, har ta mutu ba wanda ya sani. Ran nan ɗan mai wayon ya rasu. Uban ya girgiza gora yana neman waƙar makoki, ita kuwa ta biki kaɗai ta iya, ta yi ta rangaɗawa a kan gawar.

Baba ya taso, takardu a hannu. “Mama, ɗan wa kike yi wa baki?”

“Ticha, tatsuniya nake yi wa jikokina. In ta taɓa ka, ƙirga ta.”

Ya ce daga yau ba sauran hura wuta a gidansa. Mahaifiyata ta yi kuka, ta roƙi wannan, ta roƙi wancan, ba wanda ya sauko. Ranar Asabar Kaka ta ɗaure kayanta. A tasha mahaifiyata ta roƙe ta ta bari ko a kaset a ɗauki tatsuniyoyinta saboda mu. Kaka ta ce mai son muryarta ya san hanyar Kagoma.

Ban bi hanyar ba sai ranar da aka bizne ta.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan Baba, daga baya na mayar kan taurin kanta. Yanzu na san duk abin da ya koya mana daidai ne, ita ma ba da na'ura take faɗa ba. So take wani ya zauna a gabanta alhali akwai lantarki. Taku goma ne tsakanin falo da bayan kicin, kuma ba Baba ne ya riƙe mini ƙafa ba.